Murhun Hukuma Ya Ci Mutuncin Merv

Sai yau na iya yin nisa da ƙofar bayi, shi ya sa kuka ji ni shiru. Kashegarin Kirsimeti muka yi gashin unguwa a bakin teku kamar kowace shekara, rana na dukan ƙeya, ƙudaje sun fi mu yawa. Rabin layinmu ya kwanta da gudawa, matata Noeleen har sai da aka ƙara mata ruwa.

Maƙwabcina Merv ke gasa mana nama tun ban yi furfura ba, a murhun lantarkin nan na kyauta da ke wurin shaƙatawa, bai taɓa kwantar da kowa ba. Ashe iyayen gidanmu na ƙaramar hukuma, Allah ya ƙara musu basira, sun rage wa murhun zafi a ɓoye, wai tsimin wuta. Kaza ta yi ja a waje, ciki jini.

Duk mun gani fa. Amma a garin nan gara ka zagi uwar mutum da ka ce namansa bai gasu ba. Haka muka haɗiye muna yabon hannunsa.

Daga nan aka daina gaishe da Merv, abin ya ba ni tausayi. Ya leƙo ta katanga duk ya rame.

"Ka ji wai baɗi Darryl za a ba gashin naman? Darryl da ko ruwan shayi ƙonawa yake."

"Ka kai ƙara wurin hukuma mana, Merv."

"Na kai. Sun ce in riƙa wanke hannu."

Amma kar a ce ba sa aiki. Sun kafa ƙaton allo mai cewa a tabbatar nama ya gasu, shugabansu, Mai Girma Sarkin Tsimi, ya zo buɗe shi da masu hoto. Merv ya kunna murhun, ya gasa cinyar kaza har hannunsa ya gaji, ya miƙa wa Mai Girma a gaban kowa.

"Bisimilla, ranka ya daɗe. Murhunku ne."

Mai Girma ya juya cinyar, ya leƙa cikinta ya ga jini, nan take ya tuna likita ya hana shi nama. Darryl ne ya fara miƙa wa Merv hannu.

Da safe ma'aikata suka tumɓuke murhun, suka bar mana allon. A yaba musu, ba wanda zai sake cin ɗanyar kaza a wurin.