Rasuwar Gwangwanin Gindin Bagaruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, ni Khairiyya Isma'il, mai lalle a unguwar Hindawiyya ta Jidda, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu gulma rasuwar gwangwanina, wanda ya bar duniya ranar Talata da hantsi, bayan shekara uku da wata biyu a bakin aiki. Bai yi jinya ba. Ƙona shi aka yi.

Marigayin ya fara rayuwa yana gwangwanin halawa a kicin ɗin mahaifiyata. Da halawar ta ƙare na wanke shi, na sa masa ɗan littafi da fensir, na kai shi dausayin nan na bayan Khumra. Waɗanda suka san wurin a da sun san juji ne na tsofaffin tayoyi da ruwan kwata. Aka kwashe, aka shuka ciyawa, ruwa ya washe, har zalɓe da balbela suka dawo. A can na ajiye shi, gindin wata bagaruwa, ƙarƙashin dutse, da izinin masu kula da wurin.

Ga waɗanda suka yanke hukunci kafin su tambaya, ga aikin da yake yi. Wasa ne da ake kira jiyokashin. Mutum ya ɓoye abu, ya sa lambobin wurin a intanet, masu nema su bi waya har su same shi. Wanda ya samu ya rubuta sunansa a littafin, ya ɗauki ɗan abu ya bar wani, ya mayar yadda ya tarar. Iyakarta ke nan.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha zafin Jidda bai lanƙwashe ba, ruwan sama ya mamaye gindin bagaruwar sau biyu bai bar ɗigo ya taɓa littafinsa ba. Ya karɓi baƙi ɗari biyu da talatin da bakwai, daga direban wani gida a Abhur zuwa ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da wani tsoho da jikokinsa suka ja shi cikin taɓo, kuma bai taɓa tambayar kowa iƙama, takardar izinin zama, ba. Maganarsa biyu ce a duniya. In an girgiza shi ya ce kacau-kacau, in an buɗe murfi ya ce ƙwas. Ina kewar muryar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ajali ya zo masa ta hannun Kawu Othman, ƙanen mahaifiyata, wanda yake aikin yankan ciyawa a dausayin. Ya ɗaga dutse, ya buɗe, ya tarar da ƙwayar farin wuri guda, awarwaron zare mai ƙulli bakwai da wata baƙuwa ta bari, da littafi cike da sunaye. Nawa a shafin farko, na 'yarsa Nuf a shafi na tara. Abokan aikinsa sun shaida cewa ya ce, "Halas, shi ke nan, sihiri ne. Wa yake tara sunayen mutane ya ɓoye a daji in ba boka ba?" Lambar wayata tana manne a cikin murfin, bai kira ba. Ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya tofa, ya zuba fetur. An ce da wuta ta kama, murfin ya yi tsalle ya ce fau. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe.

Kafin la'asar labari ya riga Kawu isa gida. Matan da suka shekara goma suna miƙo mini hannu yanzu in sun hango ni sai su cusa shi cikin abaya. Amare biyu sun fasa. A garin nan kalmar sihiri ba abin wasa ba ce, balle ga mai zaman iƙama, kuma Kawu ya sani. Inno, yayar mahaifiyata, ta zo da kanta ta ce, "Ya binti, 'yata, ki dai ce kin tuba, magana ta mutu." Na ba ta shayi, na raka ta ƙofa. Ba zan tuba daga abin da ban yi ba. Da aka tsare ni a kan yadda sunan Nuf ya shiga littafin, na ƙi faɗa, don ba sirrina ba ne.

Marigayin ya rasu ya bar dutsensa, rabin fensir da wuta ta ƙi ci, bagaruwa mai baƙin tabo a gindi, da wani zalɓe da har yau yake tsayawa a wurin. Ya kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a gindin bagaruwar. Tokar tana wurina, a leda. Kowa ya zo da ruwan sha, a bi hanyar katako, kada a taka ciyawa, tsuntsaye suna kan ƙwai. Ba a karɓar gaisuwa daga wanda yake shirin ba ni shawara.

Bayan an rufe shi, magajinsa, sabon gwangwani, zai kama aiki nan take, a gaban kowa, ƙarƙashin dutsen nan dai. Shafin farko na sabon littafin ba nawa ba ne. Jiya Nuf ta zo gidana da rana tsaka, ta rubuta sunanta da na mahaifinta, kamar yadda ta rubuta wancan da hannunta ranar da ta samo marigayin bayan rabin awa cikin taɓo. Ita ta ce in sa a sanarwar nan. Kawu, ka san rubutun 'yarka. Ka zo ka karanta kafin ka nemi ashana.