Zare Mai Hanya Bakwai

A wani gari, wanda saura ƙiris in fasa ba da labarinsa don ni ba mai son surutu ba ce, an binne wani zaren gilashi a ƙarƙashin titi. Sunan garin Dakata-Tukuna. Zaren bai fi gashin kai kauri ba, amma hanya bakwai ce a cikinsa, kowace tana ɗaukar saƙo da haske, kafin ƙiftawar ido ya isa birni.

Majalisar Mai Gari ta zauna rabo. Hanya ta farko ta gaisuwar Mai Gari ce, ta biyu ta amsa gaisuwar. Ta uku ta sanarwar majalisa, ta huɗu ta musanta sanarwar. Biyu aka ajiye ba kowa, saboda baƙi masu zuwa gwada sauri. Ta bakwai aka bar wa jama'a, har da walima.

Lantana mai ƙosai ba ruwanta da rabo. Ita dai hoton ƙirjin mahaifiyarta take so ya isa wurin likitan birni, don malamin asibitin garin ya ce ba magani sai likita ya gani. Kwana tara hoton yana layi a hanyar jama'a, tsohuwa tana tari.

Ta je ofishin Sarkin Zare, mai kula da hanyoyin, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, hoton Inna ne. An ce akwai hanya biyu da ba kowa."

"Ke 'yar nan, ai shi ya sa suke da sauri. In muka sa na Innarki, gobe wani ya kawo na babansa. Da me za mu ci kofi?"

Ya nuna mata kofin gasar sauri a kan kabad, yana ta walƙiya.

"To ta musantawa fa?"

"Ta fi kowace cika. Ko jiya ta nan muka sanar cewa babu layi."

"Ni ce ta nawa, ranka ya daɗe?"

"Ta dubu huɗu da 'yan kai. Ki gode Allah, da can ko layin babu."

Ta gode Allah, ta fito.

Washegari ba ta hura wutar suya ba. Ta naɗe hoton a cikin zani, ta nufi tasha don ta ba direba ya kai hannu da hannu. Ta tarar da motoci a jere, Ɗanjuma direba yana zaune yana yankan farce.

"Malam Ɗanjuma, saƙo ne zuwa birni."

"Ayya Lantana, ba fita. Tun asuba aka haƙe titi, sai bayan wata uku. Sabon zare za a binne, mai hanya goma sha tara." Ya hure ɗan yatsansa. "An ce wannan karon jama'a za su sami biyu. Ɗaya ta ta'aziyya ce."