Ludayin Aro Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa dumu-dumu da tawada, Malama Ilham Nasiru, mai zane a Malali, take sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Ludayi, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a bakin aikinsa.

Marigayin haifaffen gonar duma ne. Ya shigo Kaduna cikin kayan auren Hajiya Talatu ta Hayin Banki, mahaifiyar Ilham, ya yi shekara talatin yana damun fura ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shekara shida da suka wuce Ilham ta are shi, da alkawarin za ta mayar kafin la'asar. Tun daga ranar Hajiya ba ta fasa cigiyarsa ba, ita kuwa Ilham kullum amsarta ɗaya, yana nan ƙalau.

Ga waɗanda ba su san aikinsa ba: Ilham kan sassaƙa hoto a jikin katako, ta shafe shi da tawada, ta shimfiɗa takarda a kai. Sai marigayin ya bi takardar da santsin bayansa yana murzawa a hankali, shuu, shuu, har hoton ya koma jikinta. Daga nan ta ƙarasa da gawayi da fensir, wani lokaci ta liƙa ƙyallen atamfa. Masu injin ƙarfe na buga hoto sun sha yi masa dariya. Shi dai bai taɓa jiran a kawo wuta ba, bai taɓa yaga takarda ba. Da guminsa gadar Kawo ta fito, da masu rake na Mando, da wani hoton cin tuwo da mutum bakwai suka fito kowa yana kai loma da hagu, don Ilham ta manta cewa hoto juyewa yake yi idan an buga. Ta amsa a gaban jama'a cewa laifinta ne, ba nasa ba.

Ciwon ajali ya soma da 'yar tsaga a wuya cikin daminar bara. Da tsagar ta ƙara buɗewa a makon jiya, aka garzaya da shi wurin mai ɗinkin ƙwarya a kasuwar Kawo, ya ɗinke shi tsaf, ya ba da shawarar a bar shi ya huta. Ilham ta yi kunnen ƙashi, saboda tana da baje kolin hotuna ranar Asabar. Ranar Talata ta ɗora takarda mai kauri, ta danna da iya ƙarfinta. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne ƙas. Ta yi kuka sosai, rabi don shi, rabi don tuna mai shi.

Ya rasu ya bar wuƙaƙen sassaƙa uku, da kwalbar tawada, da ɗan'uwansa guda a kicin ɗin Hajiya, wanda babu mai ƙarfin halin zuwa aronsa. Cokalin ƙarfen da ya nemi gadon kujerarsa ya yaga takarda biyu, an sallame shi.

Ba za a binne marigayin ba. Ilham ta shafa wa ɓarinsa biyu tawada, ta danna su a takarda, sannan ta zana hannun mahaifiyarta da gawayi riƙe da mariƙinsa, na dama wannan karon. Za a rataye hoton a ɗakin zanenta ranar Asabar da ƙarfe goma, kuma ba na sayarwa ba ne.

Ana sanar da masu ta'aziyya cewa har yanzu Hajiya Talatu ba ta ji ba, don haka a kama baki. Yau bayan azahar za a ɗauki hoton da gawar zuwa Hayin Banki, ana roƙon duk dattijon da Hajiya ke jin nauyinsa ya shige gaba. Ilham ta ce a yi wa Allah a fito da wuri, tana so a isa kafin la'asar, kamar yadda ta yi alkawari.