Ranar da Aka Goge Baƙin Dutse

A wani daji da ko mafarauta ba sa son ratsawa, akwai wani tafki mai zurfi, ruwansa kore shar, ba ya gudu, ba ya motsi. Irin wannan ruwa bai kamata ya riƙe ko ɗan kifi guda ba, don ruwan da ya tsaya numfashi ƙarewa yake a cikinsa. Amma kifi a tafkin nan, sai wanda ya gani.

Dalili kuwa wani dutse ne a can ƙasa. Tun zamanin kakanni tsawa ta faɗa wa wata bishiyar ƙirya da ta tsiro a kan dutsen tama, gawayi da ƙarfe suka haɗe, suka gangara cikin ruwa. Abu baƙi ƙirin, mummuna, duk jikinsa huji-huji kamar soso, ƙwayoyin ƙarfe a maƙale cikin kowane rami. In tsohuwa Minjirya, kifin nan mai wuta a jiki, ta jingina da shi ta saki wutarta kaɗan, sai ruwa ya tsage, kumfa ta tashi ɓul-ɓul, kowa ya shaƙa. In iskar ta yi yawa, shi dai dutsen ke mayar da ita ruwa. Ba tare da shi ba, ko ta ƙona kanta, kumfar da za ta samu ba ta cika cokali. Shi kuwa bai taɓa raguwa ba.

Ana tsakiyar bazara, ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, Kada shugaban tafki ya kira majalisa a gaɓa da hantsi. Zalɓe, mai dogon wuya da dogon baki, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "abin kunya ne a gare mu. Dutsen nan shi ke riƙe da ran kowa a ruwa, amma mun bar shi cikin dauɗa kamar ba shi da kowa. Al'adarmu ce, duk wanda ya yi wa tafki alheri a ba shi sarauta, kuma ba a naɗa kowa da datti. A wanke shi, a toshe ramukan nan masu muni, a goge shi, a shafa masa mai. Ni ba na numfashi a ruwa, ba abin da zan samu. Tausayin kifaye ne kawai ya sa na yi magana."

Wallahi har da ƙwalla a idonsa.

Minjirya ta leƙo. "Ranka ya daɗe, ni ban san yadda yake aikinsa ba. Abin da na sani, daga cikin ramukan nan kumfar ke fitowa. A bar shi yadda Allah ya yi shi."

"Haba Iya," in ji Kada. "Don ba ke za a naɗa ba? Hassada ba ta dace da furfura ba. Akwai mai ja?"

Akwai mai ja. Ladiyo ce, wata karfasa da ƙwanta bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba. 'Ya'yan na cikin bakinta, kamar yadda karfasa ke goyo, kuma ta san in kumfa ta tsaya su ne za su fara mutuwa. Amma in ta buɗe baki za su zube a gaban Zalɓe. Ta yi ta kaɗa wutsiya, tsoro ya cika ta. Kada ya dube ta ya ce, "Madalla, ga uwa ma ta yarda."

Ƙaguwoyi suka nutsa da yashi. Suka kankare ƙwayoyin ƙarfen, suka cika ramukan da laka, birai suka kawo man kaɗanya. Kafin azahar dutse ya zama sumul, yana sheƙi. Aka naɗa shi Sarkin Numfashi, kwaɗi suka yi guɗa.

Minjirya ta jingina da shi ta saki wuta. Shiru. Ta ƙara. Ta ƙara har ruwan gefenta ya yi zafi, fatarta ta fara salewa, sai ga 'yar kumfa ɗaya ta tashi a hankali, ta fashe. Tsohuwar ta tattara abin da ya rage mata ta sake shi gaba ɗaya, sannan ta juya ciki sama.

Tafkin da tun fil'azal ake jin ɓul-ɓul ɗinsa ya yi tsit. Ko kwaɗin sun daina. Can sai bakuna suka fara ɓullowa a saman ruwa, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, suna buɗewa suna rufewa ba sauti.

"Kai, dubi talakawa," in ji Kada, ransa fari. "Addu'a suke wa sabon sarki."

"Bari in matsa in ji abin da suke cewa," in ji Zalɓe. Ya taka cikin ruwa a hankali.

Ladiyo ta daure a ƙasa iyakar daurewa. Motsin da ke cikin bakinta yana raguwa, tana ji. Da ya rage saura kaɗan, ta taso sama don ta ba 'ya'yan iska, inuwar dogon wuya ta rufe ta. Ta gan shi sarai. Ta buɗe bakin.

Da majalisa ta sake zama, Zalɓe, wanda wuyansa ya yi kauri a 'yan kwanakin nan, ya kawo shawarar a riƙa goge dutsen duk shekara. Kada ya juya wajen ruwa ya tambaya ko akwai mai ja, kuma wannan karon ko wutsiya ba ta motsa ba.