Bayan Kaset Mai Lamba Huɗu

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa, har lambar wayata sai na duba kafin in faɗa, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi Djougou don in koya wa yaran zamani kiɗa, na dawo Parakou ina neman inda zan sa kaina.

Ni mutum ne mai cika baki a kan abu biyu. Na farko, waƙoƙin zamaninmu. Na biyu, yadda na auri matata Rabi. Shekara talatin da 'yan kai ina gaya wa yarana cewa ni ban taɓa roƙon mace ba, kawuna na aika, aka ba ni, magana ta ƙare. Duk lokacin da na faɗi haka, Rabi takan ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da tsintar shinkafarta. (Da ina da wayo da na tsorata da wannan "haka ne" tun tuni.)

Maganar waƙa kuwa, ai gaskiyata ce. Muna samari a unguwar Ganou ta Parakou, mu biyar muke da rediyo kaset guda ɗaya. In batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana, in za mu mayar da kaset baya mu zura biro mu yi ta juyawa don kada mu ɓata wuta. Mu 'yan lekol ne, wato 'yan boko, Faransanci muka karanta, waƙoƙin kuwa da Ingilishi ake yin su, ba mu jin ko kalma ɗaya, amma haka muke bin su baki da baki da dukan zuciyarmu. In aka sa rege mu yi ta kaɗa kai, ga kawunan nan ƙwal, don iyayenmu ba su barin gashi ya yi mako biyu. In aka sa soul, irin wanda ƙato zai yi ta kuka a hankali, sai kowa ya yi shiru ya tuna wadda yake so. Asabar kuwa ta kiɗan rawa ce, har sai ƙura ta rufe takalmi. Har yau in na ji irin kiɗan daga wani shago, ƙafata takan tsaya da kanta, kuma wallahi ina kewar lokacin.

To, bara ne ɗana Nasiru ya tashi aure. Amaryar 'yar Alhaji Sule ce, yayan Rabi, babban ɗan kasuwa a Djougou, mutumin da ko dariya zai yi sai ya gyara zama. Tuwona maina ke nan. Ana saura mako guda na buɗe tsohuwar akwatina, na ciro kaset ɗin da na rubuta wa "Lamba Huɗu" da hannuna, na kai rediyon gyara. Mai gyara ya ce komai ya tashi, sai dai madannin tsayarwa ya mutu, in ana so a kashe sai a zare waya. Na ce ba komai, wa zai so kashe irin wannan kiɗa? Na saurari waƙa biyu na gaban kaset ɗin, na ji raɗau, na zare waya.

Nasiru ya roƙe ni. Ya ce, "Baba, don Allah ka bar rediyon nan a gida, an ɗauko masu sono da manyan lasifikokinsu." Na ce masa abin da masu sono ke sawa ba kiɗa ba ne, faɗan tukwane ne.

Ranar biki, bayan la'asar, an kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Sule. Maza a gaba, mata a gefe, surukata, wato mahaifiyar Rabi, an sa mata kujera mai laushi a tsakiya. Na haƙura da kiɗansu na rabin sa'a, daga nan na ɗauki rediyona na nufi mai sono. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tonton," wato kawu, "wannan yana aiki kuwa?" Na ce ya girmi ubansa a sana'a. Ya haɗa shi da manyan lasifikoki.

Gaskiya abin ya fara da kyau. Da gangar rege ta buga, sai na ga dattawa suna motsi a kujera. Wani tsohon direba ya miƙe yana cewa, "Allahu akbar, zamani!" Matan da suka yi jikoki suka fara tafi. Gaban kaset ya ƙare, aka juya baya, ni kuma kaina ya kumbura. Na naɗe hannun babbar riga na shiga tsakiyar fili ina nuna wa yara yadda ake ɗaga gwiwa. Wata waƙar soul mai sanyi ta shigo, na lumshe ido ina lilo.

Sai kiɗan ya yanke, ƙat. Aka ji tari. Aka ji zakara ya yi cara. Sai wata siririyar murya ta cika unguwa:

"Allo, allo. Rabi, ni ne. Don girman Allah ki saurara har ƙarshe."

Na buɗe ido. Muryata ce, ta lokacin da nake ɗan shekara ashirin da uku.

Nan take komai ya dawo mini. A lokacinmu in kana da saƙon da ya fi ƙarfin takarda, kaset kake ɗauka ka toshe ramin bayansa da takarda, ka yi magana a ciki, ka ba direba. Rabi ta zo unguwar Titirou a nan Parakou wajen gwaggonta koyon ɗinki, muka saba, sai Sule ya zo ya mayar da ita Djougou don ya ce ba zai ba ɗan rege ƙanwarsa ba. Ni kuma na rufe ɗaki na naɗi saƙo a bayan Lamba Huɗu. Ban taɓa aikawa ba, don duk direbobin hanyar abokan Sule ne, tsoro ya hana ni. Na jefa kaset ɗin a akwati, na manta da shi sarai.

"Rabi, tun da kika tafi ko tuwo ba ya wuce mini. Na rame. Ina roƙonki, na durƙusa, ko da yake ba ki gani."

Daga nan saurayin da ke cikin kaset ya fara rera mata waƙa da Ingilishin da babu shi a ƙasar kowa, yana yi yana jan majina. Na ruga wajen rediyo, babbar riga ta harɗe ni, na danna madannin tsayarwa sau uku kafin in tuna ya mutu. Na kai hannu zan zare waya, sai Alhaji Sule ya ɗaga hannu daga kujerarsa.

"Kada ka taɓa. An ce a saurara har ƙarshe."

Wa zai musa wa uban amarya a ƙofar gidansa? Na tsaya hannu a sama, na tuna abin da ke tafe.

"Kuma kada ki ji maganar yayanki Sule, mai kai kamar ƙwaryar fura. Baƙin ciki yake yi don babu wadda ke son shi."

Ko yaran da ke wasa sun tsaya. Wayoyi kuwa duk suna sama, ana ɗauka. Na dubi Nasiru, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. A raina na ce shi ke nan, na zagi mutum ranar da ya ba ɗana 'yarsa, a gaban mahaifiyarsa, kuma ta lasifikar da shi ya ɗauko. Da ƙasa za ta tsage da na shige ban waiwaya ba.

Alhaji Sule ya cire hularsa a hankali. Kan nan ya fito fes, babu gashi ko ɗaya. Ya shafa shi, ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ashe tun a lokacin an gani." Tsohuwar ce ta fara fashewa da dariya, har sai da aka riƙe ta. Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Alhaji yana share hawaye ya ce mini, "Ɗan rege, zo ka zauna. Na yafe ƙwaryar, amma waƙar nan ba zan yafe ba." Tun daga ranar babu mai kirana da sunana a Djougou, sai Ɗan rege.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita ce Rabi. Washegari muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can na yi ƙarfin hali na ce ta yi haƙuri na kunyata ta a gaban danginta.

Ta ce, "Malam, ba kunyar ce ta dame ni ba. Wata takwas na yi a Djougou kafin kawunka ya zo. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa, ko an ba da saƙo. Har na haƙura na ce ba ka damu da ni ba, auren ma don kawunka ya matsa ne. Ashe saƙona yana cikin akwati."

Shekara talatin ina taƙama da cewa ban roƙe ta ba, ban taɓa tunanin yadda maganar ke sauka a kunnenta ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni kayana." Na ciro kaset ɗin na ba ta, ta ƙulle shi a bakin zane.

Yanzu yana cikin akwatinta, rediyon ma ya koma ɗakinta. Wani lokaci da hantsi ina jiyo soul ɗin nan mai sanyi, sai tari, sai zakara, sai ita kuma tana dariya ita kaɗai. In na fara cika baki a gaban yara, ba ta ƙara cewa "haka ne". Tari kawai take yi sau ɗaya ta ce, "Allo, allo," sai in nemi butata in fita.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka sa tsohon kaset a gaban surukai, ka saurari gaba da baya. Kuma in kana da magana mai daɗi da za ka gaya wa matarka, ka faɗa mata da bakinka tun da wuri, don saƙon da ka ƙi aikawa zai kai kansa wata rana, kuma ta lasifika.