Digirin Dariya

Wani ne a nan garin Malang, ɗalibin jami'a, wai shi dariya yake bincike a kai: wa ke fara ta a cikin hira, wa ke karɓa, wa ke kashe ta. Shi kuwa ko haƙorinsa ba a taɓa gani ba. Malamarsa, Bu Endang, ta ce, "Ko ka naɗo mini hirar mutane ta gaske, ko ka manta da digiri."

Sai ya nufi rumfar kofi ta Cak Munir, inda 'yan acaɓa ke taruwa. Ya dire rakoda a tsakiyar tebur.

"Ku ci gaba da raha kamar ba na nan."

Wuri ya yi tsit. Can wani ya sunkuya kan rakodar ya ce, "Mu dai muna son gwamnati."

Washegari ya dawo, ya yi rantse-rantse cewa shi ba ɗan sanda ba ne. Da ƙyar Munir ya saki jiki, ya kawo labarin surukarsa. Aka tuntsire da dariya.

"Ku tsaya!" in ji gogan. "Kai mai jar hula, ka yi dariya kafin ya ƙarasa. Me ya ba ka dariya?"

"Wallahi, Mas, yanzu na manta," in ji mai jar hula, don a nan Mas ake ce wa kowane saurayi.

"To, a maimaita."

Aka maimaita. Sai ka ce zaman makoki.

Da ya ga haka, sai ya ɓoye rakodar a bayan kwanon soyayyar ayaba, ya tafi. Da ya dawo ya ɗan kunna, ya ji ƙyaƙyatawa kawai ke tashi. Murna ta kama shi. Ya kwasa sai gaban farfesoshi.

Aka kunna. Sai ga muryar Munir, ya maƙale ta a hanci: "Ku tsaya! Me ya ba ku dariya? A maimaita!" 'Yan acaɓa na ihu. Farfesoshi suka kife, wani har yana dukan tebur.

Gogan ya gyara tabarau. "Kun ji ko? Duk dariyar a kan wani sakarai guda take. Sai dai har yau ban gano ko wane ne ba. Ina neman izini in nemo shi, a yi hira da shi."

Bu Endang ta share hawaye ta ce, "Zauna, Mas. Ai hirar da muka taru mu yi da shi ke nan."