Ranar da Na Maƙale a Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na leƙo daga bakin rumbun gidanmu ba, rabina a waje rabina a ciki, matan unguwa kuma tsaye da taɓare a hannu suna kallona. Yau in na ba da labarin, mutane dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma ina taya su. Amma Allah ya sani dariyar ba ta kai mini zuci.

Da ƙuruciyata siriri ne ni, kamar kowa a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Tama. Noma muka gada, kuma wanda ya wuni yana tura hauya tsakanin duwatsun ƙasarmu ba ya ajiye nama. A lokacin ina iya share akushin tuwo in bi shi da ƙwaryar fura, kafin azahar cikina ya sake kuka. To da Baba ya rasu na zama mai gida, sai na bar wa ƙanena Arzika gona na shiga sana'ar tabarma a kasuwar Madawa. Aikin na zama ne. Masu saƙa su kawo, fatake su zo su ɗiba, ni ina kishingiɗe a rumfa ina ciniki. Mai tsire ya san ni, mai fura ta san irin damun da nake so, da nono mai kauri da man shanu a kai. Ci na bai ƙaru ba fa, yadda na saba haka na ci gaba. Abin da ban lura da shi ba shi ne na haye arba'in, wutar cikin nan da ke ƙone abinci ta rage ƙarfi, duk abin da na haɗiye sai ya nemi wuri ya zauna.

Kuma mutane ba su taimake ni ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce jiki ya yi kyau, arziki ya karɓe ni. (Wa zai ƙi jin haka? Har wani taku na musamman na ƙirƙiro, ina tafe ina tura tumbi gaba.) Matata Habsu kaɗai ce ba ta yaba ba. Shekarun yaƙin Turawa ne, yadi ya yi wuya, ita kuma ke fama da masaƙa a ƙaro mini ƙyalle a riga da wando. Ta sha gaya mini cewa numfashina ya canza, ina haki in na sunkuya alwala. Ba ta ce in daina ci ba. Cewa ta yi in rage tuwon dare, in bar man shanun nan, in kuma riƙa sauka daga jaki ina taka ƙasa ko da rabin hanya ne. Na ce mata na ji. A raina kuwa na ce dillalin tabarma guda ba zai bi bayan jaki a ƙasa kamar ɗan kwadago ba.

Yanzu bari in faɗi maganar rumbun. Na ƙasa ne, ƙato, mai ciki kamar tulu, Baba ya gina shi da hannunsa tun kafin a haife ni. Ƙofa ɗaya gare shi, a can sama ƙarƙashin jinka, kuma Baba ya auna ta ne da jikinsa. A al'adarmu in aka rufe babban rumbu bayan kaka, ba mai buɗe shi sai mai gida. Shi zai fara shiga ya ga abin da ya rage, ya kama bakinsa, don kada hankalin iyali ya tashi ko su saki jiki da ci. Shekaru uku ke nan ina zillewa, in ce kasuwa ta riƙe ni, Arzika ya shiga a madadina. Inna, mahaifiyarmu, na san tana gani.

Sai ga auren ɗan Arzika ya taso gab da damina, za a buɗe rumbu a fitar da geron biki. Wannan karon ba hanyar zillewa, dangi za su zo daga Deule har da na Bangi. Da na ga saura 'yan kwanaki, maimakon shawarar Habsu da na yi shekaru ina takewa, sai na nufi wani mai magani a kasuwa. Ya ba ni ganyen filasko, ya ce in jiƙa in sha, zai wanke ni tas. Ya wanke ni kuwa. Na yi ta zarya bayan gari. Na shafa ciki na ji ya yi laushi, na ce aiki ya yi. Da asubar ranar ma, don in ƙara tabbatarwa, na sake kurɓar ragowar.

Da muka ɗaga jinka, Arzika ya dube ni ya dubi ƙofar, ya rage murya.

"Yaya, bari in shiga. Ba wanda za shi cewa komi."

Na ce masa ni ne mai gida ko shi? Ya riƙe mini tsani.

Shiga ba ta yi wuya sosai ba. Na tuɓe riga, na zura ƙafafu, na ɗaga hannuwa sama, nauyina ya yi sauran aikin. Na faɗa kan gero da 'yar kurjewa a haƙarƙari, ina ta murna. Na miƙo dammuna Arzika yana karɓa yana jefa wa mata, su kuma sun jera turame suna jira. Da aka ce ya isa, na taka sandar da ke gicciye a ciki na yunƙuro. Kai ya fito, kafaɗu suka fito, ƙirji ya biyo. Daga nan tafiya ta ƙare.

Na ja numfashi na matse ciki, na tura. Ko motsi. Na ce to bari in koma in sake dabara, nan ma ya ƙi, na cushe kamar toshiyar gora. Rumbun kuma ya fi katangar gida tsawo, don haka duk mai wucewa a hanya yana hango ƙaton mutum tsirara daga cibiya zuwa sama yana gumi. Dakan mata ya tsaya ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggo daga Deule ta tambaya ko addu'a nake yi a can sama. Aka kawo man shanu aka shafe ni. (Man shanun da ya kai ni ga wannan hali, shi aka kira ya fitar da ni.) Aka dama karkashi mai yauƙi aka tsiyaya. Maza biyu suka hau suka ja hannuwana har na ji kafaɗa za ta gulle. Yara sun cika kan katanga.

Duk wannan da sauƙi. Ana cikin haka sai cikina ya murɗa, filaskon asuba ya tashi neman hanyarsa. A ƙarƙashina kuwa abincin gidanmu ne na damina gaba ɗaya, da irin shuka. Na jawo Arzika na raɗa masa halin da ake ciki. Na ga fuskarsa ta canza. Ya sauka ya dawo da gatari.

Sai a lokacin Inna ta fito daga ɗakinta, tana dogara sanda. Ta tsaya a gindin rumbun ta ɗaga kai.

"Arzika, mi za ka yi da gatari ga rumbun ubanka?"

Ya ce mata ba yadda za a yi, in ba a fasa baki ba hatsi zai lalace. Ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba, kuma ba inda zan ɓoye fuska.

A hankali ya fara sara, yana tausayin ginin. Amma tsohuwar ƙasa ce. A sara na uku ko na huɗu wani ɓangare ya ɓalle, na ji tsaga ta bi cikin rumbun har ƙasa, da ƙara kamar an karya kara. Na fito, na dira, na arta bayan gari a guje da riga a hannu, maiƙo da yauƙi suna ɗiga. Dariyar da ta biyo ni har yau ina jin ta. Da na dawo na tarar kowa ya koma daka, Inna kaɗai ke durƙushe tana tsince gutsattsarin bakin rumbun tana tarawa a zaninta. A jikin wani akwai shatin yatsun Baba, inda ya shafe laka tana ɗanya.

An yi biki, an ci an sha, ni ne abin hira. Mun kwashe geron muka raba a rumbunan maƙwabta, wato sirrin da al'ada ta ce mai gida ya rufe, gari duka ya auna shi da ido. Mun liƙe tsagar da sabuwar laka, ba ta kama ba. Ruwan sama mai ƙarfi na farko ya shiga ta nan, da safe muka tarar rumbun ya rushe ya zauna. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai, ba ma da ni take ba, shi ne ta zaci rumbun ne zai binne ta, ba ita za ta ga ƙarshensa ba.

Daga wannan damina na koma kan maganar Habsu, ba tare da na ce mata ta yi gaskiya ba. Na rage tuwon dare, fura na sha ta da tsinkakken nono. Ranar kasuwa in ɗora wa jaki tabarmi in bi shi a ƙasa, da farko zuwa bakin fadama kawai, daga baya har rabin hanya. Na karɓi 'yan kunyoyin shuka a gonar Arzika ina nomewa da safe. Wata na farko ban ga komai ba sai yunwa da ciwon gwiwa. Sai da damina biyu ta wuce kafin mazugin wandona ya fara rara. Ashe abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa ba ya fita da jiƙon ganye, da ƙafa yake fita, kaɗan kaɗan. Na koyi wannan, amma da tsada.

Mun gina sabon rumbu a gurbin tsohon. Arzika ne ya gina bakinsa, bai tambaye ni ba ya yi shi da faɗi, faɗin da babu irinsa a garin. Yanzu ina shiga ina fita ko gefe ba na taɓawa, da na Baba ne ma da na wuce lafiya. Baƙi in sun zo sukan tambayi dalilin wannan ƙaton baki, yara su yi ta nuna ni. Inna ta rayu shekara huɗu bayan haka tana cin geron da ke fitowa daga cikinsa, amma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira shi rumbunmu ba. Rumbun su Arzika take cewa.